Tiyatar kansar tumbi: abin da za ku tambayi lokotoro game da kaluluwa

Ina aiki a ɗakin tiyata nan Yamai, ni ke miƙa kayan aiki, kuma sau da yawa ni ake turawa in yi wa dangi bayani da Hausa. Tambayarsu ba ta canzawa: "Malam, an cire ƙarin duka?" Ba laifi, amma a kansar tumbi akwai wadda ta fi ta, wato kaluluwa nawa aka kwashe, kuma har ina aka kai.

Irin kaluluwar da ke kumbura a matsematsi in ƙafa ta yi gyambo, akwai ta da yawa a ɓoye cikin kitsen da ke kewaye da tumbi. In ciwon zai bazu, ta nan yake bi zango-zango, kamar motar Tahoua da sai ta ratsa Konni da Dogon Dutsi da Doso kafin ta iso Yamai. Likitocin Japan sun ba zangunan lamba daga 1 zuwa 16. In an kwashe na jikin tumbi kawai, shi ne D1. In an haɗa da masu bin manyan jijiyoyin jini da ke zuwa hanta da saifa, shi ne D2.

Kafin ranar aiki, babba cikin dangi ya zauna da lokotoro, riƙe da hoton sikana da takardar binciken tsokar da aka ɗiba. Ya ce: "Lokotoro, D1 za a yi ko D2? Za a bar wa marar lafiyar saifarsa? Kun saba yin irin wannan aikin?" Ta ukun tana da nauyi a baki, na sani, amma wanda ya ƙware ba ya jin haushinta.

Ga dalili. A Holan, daga 1989 zuwa 1993, an gwada hanyoyin biyu a kan mutum 711. Cikin kowane 100 da aka yi wa D2, 10 suka rasu sanadin aikin, na D1 kuwa 4. Da aka bi diddigi, babban abin da ya jawo haka shi ne cire saifa da wutsiyar pankiriyas (gaɓar da ke kwance bayan tumbi) da ake haɗawa a lokacin. Sakamakon shekara 15 ya fito a 2010: kansar ta kashe 37 cikin 100 na D2, ta kashe 48 na D1. Shi ya sa yau ake yin D2 a bar saifa, sai in ciwon ya kai gare ta. Wuce D2 kuma ba riba, binciken Japan na 2008 ya nuna kwashe na gefen babbar jijiyar jini ta baya bai ƙara wa kowa kwana ba.

Kada ku matsa sai D2. Tsohon da jiki ya lalace, ko wanda aka kama nasa tun yana fatar cikin tumbi, ƙaramin aiki ya ishe shi. In kuma ciwon ya riga ya kai hanta, kwashe kaluluwa ba ta maido da shi baya.

Bayan aiki za a zuba abin da aka cire cikin roba mai ruwan farmol da ke hana tsoka ruɓewa, tumbin da kitsensa rawaya, wani lokaci a miƙa muku ku kai ɗakin binciken tsoka. A kai shi da wuri, kada ya kwana a bayan mota cikin zafin nan. In sakamako ya fito, ku nemi lamba biyu da aka raba da layi, misali 3/22: an duba kaluluwa 22, uku sun kamu. Ta ƙasan ana son ta kai 16 aƙalla, in ba haka ba matakin ciwon ba ya tabbata. Ta saman kuwa, 1 zuwa 2 ana rubuta N1, 3 zuwa 6 N2, daga 7 zuwa sama N3.

Wannan takarda ce likitan shimiyo, wato magungunan kashe ƙwayoyin kansar, zai fara nema a cibiyar yaƙi da ciwon kansa ta Yamai, don da ita zai tsara magani. Ku yi mata kwafi, ku ɗauki hotonta a waya, kafin ku kama hanyar gida.