Yadda za ku bi sawun kuɗin inshorar lafiyar yaran talakawa a mazaɓarku

Duk lokacin kasafin kuɗi ana tayar da jijiyar wuya kan asusun kula da lafiya a matakin farko, wato BHCPF. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce a zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa shi. Yanzu wasu na neman a ninka shi zuwa kashi 2, wasu na cewa a ɗauko daga harajin naira 10 da ake karɓa kan kowace lita ta lemon kwalba. Muhawarar na da amfani, sai dai abin da aka rubuta a kasafi daban, abin da ya isa asibitin unguwa daban. Wannan giɓin ne ya kamata ku sa wa ido.

Ku fara da sanin rabon. A dokar, rabin kuɗin na inshora ne, kashi 20 na magunguna da rigakafi, 15 na gyaran asibiti da kayan aiki, 10 na ma'aikata, 5 na agajin gaggawa. Kuɗin inshorar yakan bi ta hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIA, zuwa takwararta ta jiha, kamar KSCHMA a Kano ko KADCHMA a Kaduna. Dokar NHIA ta 2022 ta sa yara 'yan ƙasa da shekara biyar cikin masu rauni, saboda haka inshorar haƙƙinsu ce.

Daga nan sai asibiti. Tsarin ya tanadi asibiti ɗaya a kowace mazaɓar kansila, ba kowane ƙaramin asibiti ke ciki ba. Ku je tare da shugaban kwamitin ci gaban mazaɓa, ku tambayi jami'in da ke kula da asibitin: yara nawa ke cikin rajista, yaushe aka biya asibitin kuɗin inshorar masu rajista na ƙarshe, na wane wata ne. A nan matsala ta fi ɓoyewa. Ana biyan asibiti ne gwargwadon sunayen da ke rajista, don haka idan biya ya yi jinkiri, ma'ajin magani yakan ƙare, a koma rubuta wa uwa takarda ta je kemis, ga katin inshora a hannunta. Nijar ta ga irin wannan bayan ta fara kula da ƙananan yara kyauta a 2006, gwamnati ta riƙa makara wajen biyan asibitoci.

Ku duba sunayen ma. Guraben kaɗan ne, kuma wani lokaci sukan faɗa hannun 'yan uwa da abokan siyasa. Yaron da ba shi da takardar haihuwa ko lambar NIN kuwa yakan tsaya a ƙofa, don haka a fara nema masa su.

Idan an hana ku bayani, ku rubuta wa hukumar NHIA a ƙarƙashin Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta ba da kwana 7 a amsa. Ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Ku kai wa ɗan majalisar jiharku alƙaluman kafin zaman jin ra'ayin jama'a kan kasafi, ku tambaye shi ko jiha ta saki nata kason kuɗin da doka ta ce ta haɗa da na asusun, da kuma ranar da ta sake shi.