Littafinka na farko daga Sudan: kurakuran da marubucin labari Kirista ya fi faɗawa ciki

Kirista mai jin Hausa da ke zaune a Sudan, idan ya ɗauki alƙalami zai rubuta ƙagaggen labari, yana cikin wani hali da ba kowane marubuci ke ciki ba. Hausawan da yake ciniki da su, yake shan jabana, wato gahawa, da su a Gadarif ko Kasala ko Damazin ko Mai Wurno, kusan dukkansu Musulmi ne, jikokin waɗanda suka biyo hanyar hajji ko suka yi hijira bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausa ce a bakinsu, amma da Larabci suka yi makaranta, shi ya sa da yawansu ba su saba karanta ta da haruffan boko ba. Waɗanda za su sa hannu a aljihu su sayi labarin Kirista da Hausa suna can nesa: Jos, Wusasa, Kafanchan, Biliri, Numan, Zuru, da wasu ikkilisiyoyi a Maraɗi. Kuskuren farko, wanda shi ke haifar da sauran, shi ne mutum ya rubuta shafi 200 bai taɓa tsayawa ya tambayi kansa wa zai karanta ba. Ka yanke wannan tun kafin babi na ɗaya. In 'yan'uwa na gida Nijeriya kake rubuta wa, to harshenka da inda za a buga littafin da farashinsa duk can za su fuskanta.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan littattafai shi ne wa'azi. Ban ce kada bangaskiya ta fito a labari ba, ai dominta ka zauna rubutun. Amma ga yadda ake yawan yi: yarinya ta rasa mijinta a babi na uku, fasto ya zo gaisuwa, sai ya buɗe baki ya yi shafi shida yana jawo ayoyi daga Ayuba zuwa Romawa, ita kuma ta share hawaye ta ce, "Na gode Baba, yanzu na gane." Wace gwauruwa ce ta taɓa ganewa a zama ɗaya? Mai karatu ya san ba haka rai yake ba, domin shi ma ya yi jana'iza. Daga nan zai fara tsallake shafuka, in ma bai ajiye littafin gaba ɗaya ba.

Gyaran shi ne ka bar abin da mutane suka aikata ya ɗauki nauyin saƙon. Ka nuna mana matar nan ranar Lahadi ta uku bayan rasuwar, ta ɗaura zanen zumuntar mata, ta kai ƙofar majami'a, ta ji an ɗauko waƙar da mijinta ke so, ta juya ta koma gida. Ka nuna mana tsohuwar da ta lura, ba ta ce mata uffan ba, da yamma ta aiko yaro da kwanon tuwo, washegari ta sake aikowa. In bayan babi huɗu matar ta iya buɗe baki ta yi addu'a, mai karatu zai yarda, domin ya bi ta hanyar. Ubangiji Yesu kansa da misalai ya koyar, kuma a labarin ɓataccen ɗa bai faɗa mana ko babban wan ya shiga gidan bikin ba. Ya bar mai sauraro da tambayar. Marubuci ma yana da izinin barin wasu abubuwa a buɗe. Haka nan jarumin da ba ya fushi, ba ya shakka, ba ya kwaɗayi, ba wanda zai damu da abin da ya same shi. Dawuda da Bitrus ba haka aka rubuta su ba.

Akwai wani kuskure da ya fi wannan ciwo a wurina, kuma zaman Sudan ya kamata ya warkar da mutum daga shi: a mayar da maƙwabci Musulmi mugu ko jahili domin jarumi ya haskaka. Ɗan'uwa, kai ka san wanda ya ba ka aron kuɗin mota lokacin da yaƙi ya ɓarke a Khartoum ranar 15 ga Afrilu 2023, ka san gidan da aka shimfiɗa maka tabarma a hanya ba a tambaye ka addininka ba. In ka koma takarda ka zana mutanen nan da baƙin fenti, ka yi shaidar zur, kuma doka ta tara cikin Dokoki Goma ba ta cire marubuta ba. Ka sa su yi magana yadda suke yi: Malam zai ce Annabi Isa, alaihissalam, dattijon ikkilisiya zai ce Yesu Almasihu, kowa da bakinsa. Ka ba su alherinsu da laifinsu kamar yadda ka bai wa Kiristocin labarin. Wannan gaskiya ce, kuma hankali ne. An soke hukuncin ridda daga dokar Sudan a watan Yuli na 2020, amma batun addini har yanzu wuta ne, a nan da kuma Arewacin Nijeriya inda littafin zai je. Shafi ɗaya na cin mutunci yana iya jawo wa mai sayar da littafin a Kaduna abin da kai da ke nesa ba za ka ɗauka masa ba.

Kusa da wannan akwai ɗaukar sirrin 'yan ikkilisiya a zuba a labari, a canza suna kawai. Mu 'yan kaɗan ne a nan, kowa ya san kowa. In rikicin auren wani ne ya ba ka labarin, ka canza gari da sana'a da shekaru da yawan 'ya'ya har mai abin ma ya kasa gane kansa, ko ka nemi izininsa.

Sai harshe. Wanda ya daɗe a Sudan Larabci ya shiga Hausarsa bai sani ba: tamam, kwayyis, yalla, mushkila. A bakin mai raksha, wato a-daidaita-sahu, ko mai sayar da shayi a bakin titi, waɗannan kalmomi gishiri ne, su ne za su sa mai karatu a Jos ya ji lallai a Sudan yake. Amma in mai ba da labarin ma da su yake magana daga farko har ƙarshe, za a gaji. Kisra da asida da rakuba ka bar su da sunansu, ka nuna ta cikin jimla abin da ake yi da su, ba sai ka tsaya bayani ba. Ayoyi kuma kada ka fassara su da kanka daga Larabcin da kake ji a sujada. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, an kuma sake fassara shi daga baya fiye da sau ɗaya. Ka zaɓi fassara ɗaya, ka kwafo ayar yadda take, ka faɗi a farkon littafin wacce ka bi. Mutumin da ya haddace Zabura 23 tun yana ajin Lahadi zai ji tuntuɓe nan take in ka sauya masa kalma.

Ƙa'idojin rubutu ba sa buƙatar dogon zance, aiki kawai suke buƙata. Haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ da 'y, dole ne. "Ya na" da "yana", "zai" da "za i", rabawa da haɗawa, duk akwai ƙa'ida. Allon rubutun Gboard yana da Hausa, ka saka a wayarka yau.

Da an gama rubutu, yawancinmu fasto muke kai wa. Yana da kyau, zai duba maka koyarwa, zai sa albarka. Sai dai Baba Fasto ba edita ba ne, kuma kunya ba za ta bar shi ya ce maka babi na biyar ba shi da amfani ba. Matarka da abokinka ma haka. Kana buƙatar mutum biyu ko uku da suka saba karanta littattafan Hausa, waɗanda ba sa jin nauyinka, aƙalla ɗaya ya zama ba Kirista ba. Kada ka tambaye su "ya yi daɗi?", ka ce su nuna maka shafin da suka fara hamma da wurin da ba su yarda da abin da wani ya yi ba. Bayan haka ka biya wanda ya karanci Hausa ya bi maka rubutun layi-layi. Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello da ta Usmanu Ɗanfodiyo duk suna yaye irin waɗannan mutane, kuma ta waya ake aikin yanzu. Ka ajiye rubutun wasu makonni kafin ka sake dubawa. Gaggawar ƙaddamarwa kafin Kirsimeti ta lalata littattafai da yawa.

Nan kuma sai batun da ake asarar kuɗi. Mutane da yawa ba su bambanta maɗaba'a da kamfanin wallafa ba. Maɗaba'a kamar tela take: kai ka kawo yadi, ka biya, ta ɗinka, ta miƙo maka kayanka, sayarwa kuma ruwanka. Kamfanin wallafa shi ke zaɓen littafi, ya gyara, ya buga da kuɗinsa, ya rarraba, ya ba ka kaso, galibi wajen 10 cikin 100. Irin aikin da Kamfanin Gaskiya ya yi a Zariya daga 1945, da kamfanin wallafa na NNPC (Northern Nigerian Publishing Company) bayansa daga 1966, ke nan. Yau masu yin haka ga sabon marubucin Hausa 'yan kaɗan ne ƙwarai, shi ya sa tun shekarun 1980 marubutan Kano suka koma buga littattafansu da kansu. Buga wa kai ba abin kunya ba ne. Abin tsoro shi ne wanda ya kira kansa mawallafi, ya karɓi kuɗin bugu daga hannunka, sannan ya sa ka sa hannu a takardar da ta mallaka masa littafin. Duk yarjejeniya ka nemi abubuwa huɗu a rubuce: kwafi nawa, shekara nawa, kasonka nawa, da ranar da haƙƙin zai dawo hannunka. Kada "ai ɗan'uwa ne cikin Ubangiji" ya hana ka rubutawa. Rubutun ne zai kiyaye zumuncin.

A ina za a buga? Yawancin maɗaba'un Sudan a Khartoum suke, kuma yaƙi ya taɓa su sosai. Ko da ka sami mai aiki a Bur Sudan, ka tuna da Larabci ya saba, wanda ake buɗewa daga dama, kuma ba zai gane kuskure a Hausarka ba. Sannan ka lissafa kuɗin kai kwalaye Nijeriya. Shawarata ita ce a buga a Jos ko Kaduna ko Zariya, inda masu saye suke, ka wakilta mutum ɗaya amintacce, a kawo maka kwafi kaɗan nan. Ka tura aikin a PDF da haruffan a ƙulle cikinsa, domin in aka buɗe shi a kwamfutar da ba ta da irin haruffanka, duk inda ƙ da ɗ suke sai ka ga ɗan akwati ko alamar tambaya. Kada wakilinka ya yarda a kunna inji sai an buga kwafin gwaji ɗaya, ya zauna ya buɗe shafi-shafi: ƙugiyoyi sun fito, lambobin shafi sun bi juna, rubutu bai shige cikin ɗauri ba, sunanka a bango daidai yake. Ya ɗauki hoto ya turo maka. Kuɗi kuma rabi a farko, rabi bayan an ƙirga kwafi.

Kada ka buga 3,000 don an ce kowane kwafi zai fi araha. Ka fara da 'yan ɗaruruwa, in sun ƙare a sake. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi mai lambobi 13, a Nijeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa, shi ne kuma doka ta ce a ajiye wa kwafi uku. Ka nema da sunanka in kai ke buga wa kanka. Shagunan littattafan Kirista irin su Challenge da ACTS a yankin Jos wurare ne da ya kamata wakilinka ya je ya tambayi sharuɗɗansu tun kafin a buga, har da kason da suke cirewa, don ka san farashin da za ka sa.

Intanet ta buɗe hanya, musamman gare mu da ke nesa, amma a nan ma ana faɗawa rami biyu. Na ɗaya, a tura cikakken littafi a WhatsApp wa mutum ɗaya "don ya duba". Kafin mako ya zagayo yana cikin zaure goma, wani ma ya cire sunanka. Ka saki babi biyu ko uku kyauta a Facebook ko Wattpad don a san ka, sauran ka riƙe. Na biyu, a dogara da dandali ɗaya. OkadaBooks, inda marubutan Hausa da yawa suke sayar da littattafansu, ya rufe a ƙarshen Nuwamba 2023. Ka riƙe asalin rubutunka a wuri uku: waya, imel, da hannun wani ɗan'uwa a wata ƙasa. Wanda ya bar gidansa a Omdurman da 'yar jaka ɗaya ya san dalili. 'Yan'uwa mata kuma, gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 wuri ne mai kyau na gwada hannu da gajeren labari kafin a shiga dogo.

Bikin ƙaddamarwa shi ne inda ake yin lissafin da bai fitowa. A majami'a wani zai tashi ya ce ya sayi kwafi ɗaya da kuɗi mai tsoka, a yi tafi, sai a wayi gari ana bin sa wata shida. Kada ka ci bashin bugu kana jingina da alkawuran ranar. Ka sa wani ya zauna da littafin rajista, abin da aka biya nan take ya rubuta daban, alkawari daban da lambar waya. Tun da wuri ka shirya yadda kuɗin zai iso ka: asusun naira a hannun wakilinka, nan kuma Bankak, manhajar tura kuɗi ta Bankin Khartoum, ga masu saye a Sudan, kuma ku yi yarjejeniya kan ranar da za a riƙa yin lissafi kowane wata. Kwafin kyauta ma ka ƙayyade yawansu tun kafin kwalaye su iso, ka rubuta sunayen waɗanda za a bai wa: wanda ya gyara, waɗanda suka karanta maka, fastonka, da ɗakin karatu na makarantar Littafi Mai Tsarki ɗaya ko biyu.