Shawara ga masu shiga rijiya da shadda

Assalamu alaikum 'yan uwa masu haƙar rijiya da yasar shadda. Don Allah kada kowa ya sauka rami da zarar an ɗaga murfi. A bar shi ya sha iska tukuna, in akwai injin hura iska a zura bututunsa har ƙasa.

Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, idan oksijin ɗin ta gaza kashi 19.5 wurin ba ya shiguwa. A shadda kuma akwai wata guba mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ta fi iska nauyi, can ƙasa take kwanciya. Abin da ya fi ba ni tsoro, idan ta yi yawa tana kashe hanci a daina jin warin, sai mutum ya ɗauka ta wuce, ya sunkuya da shebur, shi ke nan. Zura aci-balbal ba ya tona ta, kuma yana iya tayar da wuta. Na'urar gwajin iska ce abin dogaro, maigidan aiki ya daure ya saya.

Injin jan ruwa mai fetur a ajiye shi waje, nesa da bakin ramin.

Mai sauka ya sa ɗamarar da ta kama ƙirji da cinyoyi, igiyar tana hannun mutum biyu a sama suna ta yi masa magana. In ya yi shiru a jawo shi nan take. Ko ƙaninka ne kada ka bi shi ciki, masu ceto da yawa haka suka rasu. A kira 'yan kwana-kwana ko 112.