Yadda Na Magance Tsayawar Bidiyo a Gida

Makonni da dama, duk bidiyon da na kunna da daddare sai ya riƙa tsayawa, ɗan zoben nan yana ta juyawa a tsakiyar allo. Da farko na ɗora wa kamfanin intanet laifi, amma da na auna saurin a gaban na'urar Wi-Fi na samu megabit 30 a daƙiƙa, a falo kuwa ko 3 bai kai ba. Ashe na'urar tana ƙasa bayan kabad, bango biyu sun raba ta da talabijin. Na ɗora ta a kan tebur a fili, sannan na mayar da talabijin daga zangon 2.4 GHz, wanda na'urorin maƙwabta suka cunkushe, zuwa 5 GHz. Tun ranar bidiyon 1080p bai sake tsayawa ba.