Yadda za ka hau ƙarfen sabis tsoro bai ci ƙarfinka ba

Yaran da ke zuwa koyon aiki wurina daga unguwannin Agege da Idi-Araba a Legas tambayarsu ɗaya ce: Oga, yaushe tsoron zai tafi? Ba ya tafiya gaba ɗaya. Raguwa yake yi, ranar da jikinka ya yarda da igiya.

Shi ya sa a ƙasa nake fara musu. Sa bel mai kama cinya da kafaɗa, ka matse shi yadda tafin hannunka kaɗai zai iya shiga tsakaninsa da cinya. Hau kamar tsayin mutum biyu, maƙala ƙugiyar igiyar da ke jikin bel ɗinka a ƙarfen da ke saman kanka, sannan ka saki hannu ka jingina baya. Gabanka zai faɗi. Zauna a haka har numfashinka ya daidaita, gobe ka ƙara tsayi kaɗan. Wanda bai saba ko da bene ba, ya fara da gadar sama mai tsawon mita 401 da ke gandun dajin Lekki Conservation Centre a Legas, ya ji yadda lilo yake alhali raga na tare shi.

In an fara hawa, ƙugiya biyu ce: kada ka cire ɗaya sai ɗayar ta kama. Hannu ɗaya ko ƙafa ɗaya kake ɗagawa, sauran ukun na kan ƙarfe. Da ƙafa ake hawa; mai damƙe tsani da dukan ƙarfinsa, damtsensa ke fara mutuwa.

Jiri kuwa, yawanci ido ke jawo shi. Kowa ya san kada a leƙa ƙasa, amma kallon sama ya fi muni: gajimare na tafiya, sai ka rantse ƙarfen ne ke faɗuwa da kai. Tsaya, ɗaure kanka, kafa ido a kan noti ɗaya da ke gaban hancinka. Ja numfashi ta hanci, fitar a hankali, ka yi Hasbunallahu. In ƙafa na kakkarwa, sauke diddige ƙasa, za ta lafa. Ka kira na ƙasa ka gaya masa, ba abin kunya ba ne.

Legas tana da nata sharrin. Iskar teku gishiri gare ta, tana cin ƙarfe, musamman wajen Lekki da Ajah, don haka ka duba tsatsa a kowane mataki kafin ka ɗora nauyinka. Hadari ya haɗo, ka sauko ko aiki bai ƙare ba. Da azumi kuma, ka hau da sanyin safiya, kafin rana ta gasa ƙarfen ƙishirwa ta kama ka a sama.