Yadda ake shirya mota daga Legas zuwa Nordkapp, ƙarshen arewacin Turai

Motar da ta saba da zafin Legas da cunkoson Oshodi ba za ta kai ka ƙasar Norway a yadda take ba. Hamada da ƙanƙara kowacce da irin ɓarnar da take yi wa inji, kuma tun a gida ake yi musu tanadi.

Fara da takardu: fasfo, katin rigakafin shawara, inshorar ECOWAS mai ruwan ƙasa, lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa, da bizar Muritaniya, Maroko da Schengen (ta shiga ƙasashen Turai). Hanyar gaɓar teku ake bi: Seme, Kwatano, Lome, Akara, Abijan, har Dakar. A ƙetare kogin Senegal ta madatsar Diama, a wuce Nuwakshot, Dakhla, Tanja, sannan jirgin ruwa ya tsallakar da motar Sifen.

Sai kasuwar Ladipo, ta kayan gyaran mota a Legas. Sayi fanbel, filtar mai biyu, filtar iska biyu, tiyon lagireto, famfon taya mai aiki da batir, da safaya biyu. Ka sa bakanike ya nuna maka yadda ake canza kowanne da hannunka, don a hamada ba wanda zai zo.

Babban kuskure yana lagireto. Direbobinmu da yawa ruwan famfo suke ɗurawa, kuma a Legas motar tana tafiya. A sanyi ruwan nan daskarewa yake, ya kumbura, ya tsaga lagireto ko ma injin kansa. A zubar da shi, a wanke, a zuba kulant da tataccen ruwa rabi da rabi. Wannan haɗin yana jure sanyi har kusan digiri 37 ƙasa da sifili, kuma ya fi ruwa jure tafasa a hamada. Baƙin mai 20W-50 shi ma yana kauri kamar kitse a sanyi, da safe inji ya kasa juyawa. A Sifen a canza zuwa 5W-30, in littafin motar ya yarda.

Tsakanin Nuwakshot da Nuwadibu a Muritaniya akwai kusan kilomita 470, gidajen mai jefi-jefi. Riƙe jarka biyu ta lita 20, da ruwan sha aƙalla lita 5 ga kowane mutum a rana. In mota ta kafe a rairayi, ɗaga ƙafa daga totur, ƙara wuta binne tayar yake yi. Rage iska zuwa psi 16, share yashin gaban taya, ka fita a hankali, ka mayar da iskar kafin ka hau kwalta. A tsakanin bodar Muritaniya da Guerguerat, shingen shiga ɓangaren Maroko, kada ka kauce daga sawun motoci, akwai nakiyoyin da aka binne.

In motarka mai gas ce, kada ka shiga sanyi da gas ɗin ƙasashen zafi: yana yin kaki ya toshe filta. Sha na arewacin Turai, wanda aka haɗa domin hunturu, kuma ka sa tayoyin ƙanƙara. A lokacin hunturu kilomita 13 na ƙarshe zuwa Nordkapp wani lokaci a ayari ake yinsu, bayan motar share dusar ƙanƙara.

Mai tafiya da bazara kuma, daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuli rana ba ta faɗuwa a Nordkapp. Ka zauna da malaminka a Agege ko Idi-Araba kan lokutan salla kafin ka tada mota.