Yadda za ki koya wa ɗalibar nas tunani a gefen gado

Sistocin da ake turo wa ɗalibai wodi, da ku nake. Yaran nan sun iya auna bipi, sun iya cike takarda tsaf, amma ki tambaye su me lambar ke nufi sai su yi tsuru-tsuru, kuma wallahi laifinmu ne, rubutawa kawai muka koya musu.

Ki kai ta gefen gado. A ce mai jego ce awa ɗaya da haihuwa, bugun zuciya ya tashi daga 88 zuwa 118, bipi 100 bisa 60, tana cewa jiri take ji. Kar ki ba ɗalibar amsa. Tambaye ta me kika gani, ɗazu nawa ne, me kike zato, me za ki yi yanzu? Sai ki yi shiru, da wuya amma ki daure. Yawanci za ta ce ai bipi lafiya lau, to nan karatun yake, don mace mai ƙuruciya tana iya zubar da jini sosai bipi bai faɗi ba tukuna, bugun zuciya ne ke fara tona asiri. Sa ta raba bugun zuciya da lambar sama ta bipi, wato 118 da 100, in sakamakon ya haura 0.9 a mai jego akwai magana. Sa ta ɗaga zanin ta duba da idonta, ta taɓa mahaifa ta ji ko ta saki, wani lokacin jinin da ya kai mil 500, wato rabin lita, yana kwance kan ledar gado ba wanda ya leƙa. Amma fa in abin ya yi tsanani ceto ne farko, tambaya sai an natsu.

Numfashi kuma ki tsaya a kanta ta ƙirga minti ɗaya cur, na babba 12 zuwa 20 ne, da yawa 20 suke rubutawa da ka.

Saura kiran likita. Ki koya mata SBAR, tsarin da asibitoci suka aro daga sojan ruwan Amurka: halin da ake ciki, tarihin mara lafiya, abin da ɗalibar take zato, abin da take so a yi. Ki zama likitan ta gwada a kanki har bakinta ya saba.

Don Allah in ta yi kuskure kar ki disga ta gaban masu jinya, wadda aka yi wa tsawa yau gobe ko ta ga alluran da ba daidai ba a tire shiru za ta yi. Ja ta gefe bayan an miƙa aiki ku bi takardar awon layi-layi, ta nuna miki da yatsa inda bugun ya fara hawa.